Madam Delu da Yaron Mijinyawa

A lisen nan, wato makarantar sakandaren da ke bayan Adjamé Mairie a Abidjan, idan aka ce wa yaro Madam Delu na kiransa, tun daga matakala yake fara tuno zunubansa. Ba malamar aji ba ce, alli bai taɓa ɓata mata hannu ba. Aikinta shi ne wanda ake kira edikatiris: ta tsaya a bakin ƙofa da safe ta ga wa ya makara, wa ya ɗame wando, wa ya fita cin garba, dambun rogon nan da kifi, da rana bai dawo ba. Ita ce kuma igiyar da ta ɗaure makarantar da gidajen yara. Malamai su koyar su kama gabansu, darakta ya shige ofis ya kunna na'urar sanyi, ita za a bari da waya a kunne tana cigiyar uwar wani a cikin hayaniyar kasuwa.

A unguwar Bracodi aka haife ta, a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, inda ake faɗa da yaruka barkatai a sasanta da Faransanci. Kakanta ya zo daga ƙasar Katsina sarin goro, da niyyar ya ga damina ɗaya ya koma. Kabarinsa yana nan Williamsville. Mahaifinta tela ne, ita ta zo masa bayan jerin maza, shi ya sa ake ce mata Delu. Ita kanta ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarta ta gaisuwa ce da girki da faɗa, wadda ta tsotsa a bakin uwarta, idan magana ta yi nauyi sai Faransanci ya karɓe ta. Amma da babu gara ba daɗi: a duk ma'aikatan makarantar ita kaɗai ke jin Hausa, don haka duk Bahaushen da ya kawo ɗansa, ɗan gari ne ko baƙo, nata ne. Ita ma ta yarda da hakan, har tana ɗan taƙama da cewa ta san mutanenta ciki da bai.

Shekarun da ta yi a aikin sun koya mata cewa yaro ba a cikin aji yake lalacewa ba. A tsakanin makaranta da gida yake lalacewa, a cikin gbaka, motar hayar nan, a bakin titi, a wurin da kowane ɓangare ke zaton yana hannun ɗayan. Toshe wannan kafar kuwa ɗibar ruwa ce da kwando. Lambar wayar da uba ya bayar a Satumba, kafin Nuwamba ta mutu. Takardar kiran iyaye ta shiga jakar yaro, ta ƙare a naɗe soyayyar ayaba ta alloko. Ta buɗe wa iyaye zauren WhatsApp, ya koma dandalin tallar atamfa da barka da Juma'a, ta sanar da ranar jarrabawa a binne saƙon da amin-amin. Da yawansu ba sa karanta Faransanci, sai ta ɗauki murya da Faransanci, ta sake da Julanci, ta sake da Hausa, ta koma gida maƙogwaro a bushe.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne iyayen haya. Yaro ya yi laifi a ce ya kawo ubansa, sai ya zarce tasha ya samo yaron mota, ya aro masa riga mai kyau, ya gabatar da shi a matsayin tonton, wato kawu. Wani ma ya shiga aikin da gaske har ya kwaɗa wa yaron mari a gabanta, ita ce da ba shi haƙuri. Ba a jima ba ta gan shi rataye a ƙofar gbaka yana kiran fasinjan Abobo. Tun daga nan ta tsaya kai da fata sai da makaranta ta kafa doka: babu tonton, babu tanti, uba ko uwa kawai. Da ta ji an ce kawu ko baffa, sai fuskarta ta haɗe.

Kamilu yana ajin ƙarshe, wanda daga shi sai jarrabawar BAC ta kammala sakandare. An kawo shi Abidjan daga Funtuwa yana yaro, ko bonjur bai sani ba, aka mayar da shi cikin ƙanana, ya haɗiye dariyar da ake yi masa har ya wuce masu yin ta. Malamin lissafi yakan ce kan yaron nan kamar an wanke shi da sabulu. Mahaifiyarsa tana can gida da ƙannensa. Mahaifinsa, Alhaji Muhyiddeen, yana shigo da kayan gyaran babura ta tashar jiragen ruwa, shagonsa yana Treichville, ba nisa da tashar mota ta Gare de Bassam. Delu ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta kuma taɓa buƙata ba. Wani dogon mutum mara yawan magana ne ke zuwa karɓar sakamako a ƙarshen zango, ta ɗauka yaron shago ne ake aikowa.

A wannan shekarar ne Kamilu ya yi sababbin abokai, bakinsa ya cika da Nushi, yaren samarin titi, ya fara ɓacewa da rana. Ta ja masa kunne, ya ce ya ji. Sai ga watan Disamba, watan da kowane ma'aikacin makaranta a Abidjan ke shiga da addu'a. Yara sun ƙirƙiro wa kansu al'ada, wai su ne za su yanke ranar da hutu zai fara. Su taso daga wata makaranta da usur da duwatsu, su tsaya a ƙofar wata suna busa har sai an saki na ciki. Ranar da abin ya zo kan lisen su Delu, wasu daga ciki suka amsa busar. Gilashin taga ya fashe, aka yi turmutsutsu a matakala, wata yarinya 'yar ƙaramin aji ta faɗi kanta ya fashe. Kafin la'asar bidiyo ya zagaye wayoyin iyaye, ga yara uku a sarari da usur a baki. Na tsakiyar Kamilu ne.

Aka sa ranar Talata za a yi zaman ladabtarwa, wanda suke kira konsai. Kowa a makarantar ya san yadda ake yi. Yaron da uba ko uwa ya zo ya zauna kusa da shi, ya ɗauki alkawarin zai sa masa ido, akan ba shi gargaɗin ƙarshe ya koma aji. Wanda kujerar gefensa ta zauna wayam, sai kora. Kora kuwa a tsakiyar ajin ƙarshe, bisa laifin usur, ba makarantar da za ta karɓe ka, BAC ɗin wannan shekarar ta wuce ka ke nan. Delu ba ta so hakan ga Kamilu ba ko kaɗan. Ta ɗauki waya da kanta.

Aka yi gaisuwa, aka tambayi aiki da iyali da gajiya, sannan ta ce, "Alhaji, Madam Delu ce daga lekwal. A kan ɗanka Kamilu nake kira."

Tana jin hayaniyar shago da muryoyin maza a kusa da shi.

"Wa fa?"

"Kamilu. Ɗanka."

"Af, yaron wajen Mijinyawa. To, to. Allah ya shirya su baki ɗaya. Malama, ai da Mijinyawa za ki yi wannan maganar. Ya raka kaya ne, amma yana hanya."

"Wane ne kuma Mijinyawa?"

"Ƙanena ne. Shi ne mai yaron."

Duk wanda ya tashi a Funtuwa ko Gusau ya ji wannan amsar, zai gyaɗa kai ya ce ɗan fari ne. Mutumin da aka raina a tsohuwar tarbiyya ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya nuna nasa ne a gaban mutane, ko da hanjin cikinsa na kaɗawa. Alkunya ke nan. Bayan haka, tun ranar yaye Alhaji ya damƙa yaron a hannun ƙanensa, shiga gabansa a sha'anin yaron kuwa daidai yake da ƙwace kyautar da ka yi. Amma Delu 'yar Bracodi ce. Telan da ya haife ta a kafaɗa yake ɗaukar babban yayanta zuwa Idi, yana kiran sunansa gatsal a gaban kowa. Ta san kalmar alkunya, sai dai a ganinta ba ta wuce ƙin cin abinci a gidan surukai ba. Abin da kunnenta ya ji shi ne ana kira wa mutum sunan ɗan cikinsa yana cewa wa fa, sannan ya tura ta wurin wani baffa. Ta ajiye wayar cike da haushi.

Ran Asabar da hantsi, maimakon ta yi wankinta, ta hau tasin woro-woro ta haye gada zuwa Treichville. Ta yi ta tambaya daga Gare de Bassam har aka nuna mata shagon, kwalaye sun kai rufi, warin man inji da sabuwar roba ya cika wurin. A ƙofa akwai benci, dattawa na zaune ana shan shayi, cikinsu har da wani tsoho mai farin gemu da kowa ke russuna wa. Da ta san kan garin, da ta roƙi Alhaji su koma gefe, ko ta nemi tsohon ta sa shi a tsakani. Ita kuwa murna ta yi da ta tarar da jama'a, wai kunyar idon mutane za ta motsa shi.

Aka ba ta kujera, aka aika a sayo mata ruwan sanyi. Alhaji Muhyiddeen siriri ne, mai sanyin murya, ya gaishe ta kamar wata gwaggonsa. Ba ta bari gaisuwar ta yi nisa ba.

"Alhaji, na zo da ƙafata tunda waya ba ta yi ba. Ɗanka Kamilu yana cikin babbar matsala. Ran Talata akwai konsai. In ba ka zo ba, korarsa za a yi, kuma babu BAC."

Hirar benci ta tsaya cak. Alhaji ya kafa wa ƙasa ido.

"In Allah ya so Mijinyawa zai iso kafin ranar," in ji shi. "An yi masa waya."

"Mu ba mu san Mijinyawa ba. Lekwal ba ta karɓar tonton." Muryarta ta ɗaga ba ta sani ba. "Alhaji, tsakani da Allah, kai ka haifi yaron nan ko ba kai ba?"

Wani ya yi tari. Tsohon ya juya kai yana kallon motocin Bassam kamar yau ya fara ganinsu. Alhaji ya yi ɗan murmushi, irin na wanda aka tuɓe wa riga a kasuwa, ya ce, "Malama, sha ruwa mana, ya huce." Ita wannan murmushin raini ta gani a cikinsa. Ta miƙe, ta bar ruwan ko buɗewa ba ta yi ba, ta ce ta dai sauke nauyi. Da ta waiwaya, da ta ga ya ɗaga kofin shayinsa ya kasa kai shi baki.

Ran Litinin ta kira Kamilu ofishinta. Ya rame a 'yan kwanakin, idonsa ya faɗa. Tausayinsa ya kama ta, kuma tausayi a wurin Delu da faɗa yake fita.

"Na je wurin babanka," ta ce da Faransanci. "Ko a jikinsa."

"Madam, haka yake. Baffa zai zo."

"Kada ka sake ce mini baffa. Na ga baffanni iri-iri a ofishin nan."

Ta ina Kamilu zai fara yi mata bayani? Shi kansa, da ya girma cikin abokan da iyayensu maza ke rungume su a ƙofar makaranta, ba kullum yake da tabbacin abin da shirun mahaifinsa ke nufi ba.

Talata da safe aka jera kujeru a ɗakin taron malamai. Yaro na farko uwarsa ce ta zo, mai sayar da kifi, ta ɗaure zani a ƙugu ta zube a ƙasa tana kuka tana rantsuwa. Na biyu ubansa ya zo da kwat, ya wanke shi tas a gaban kowa sannan ya sa hannu a alkawari. Aka zo kan Kamilu, yana ta satar kallon ƙofa, kujerar gefensa babu kowa. Malamin lissafi ya roƙa masa arziki, ya ce asara ce a zubar da irin wannan kan. Darakta ya saurara, sannan ya juya wurin Delu, domin a sha'anin gidajen yara maganarta ce yankan wuƙa.

"Madam, iyalinsa fa? An sanar da su?"

Haushin Asabar bai sake ta ba. Ta ce, "Na kira, na kuma je har shago da ƙafata. Yaron nan ba shi da kowa. Uban ko sunansa ba ya son ji, a gaban mutane ya kasa cewa ɗansa ne."

A zuciyarta uban take tuhuma, tana jin kamar ma tana nema wa yaron tausayi ne. Amma darakta ba tausayi yake aunawa ba, iyayen yarinyar da aka fasa wa kai suna jiransa da amsa. Ya ce, "To, ai kin gama magana. Wa zai tsaya mana a kansa gobe in ya sake?" Aka ɗaga hannuwa, aka yanke. Kamilu bai yi kuka ba, bai roƙi kowa ba. Ya dai dube ta sau ɗaya, ya ɗauki jakarsa, aka wuce da shi ofishin sakatare.

Rana ta take tsaka lokacin da ta fito ƙofar makaranta ta sha iska, ranta a jagule. A tsallaken titi, gefen rumfar mai garba, ta hango mutum a tsaye cikin babbar riga fara mai sitaci, irin wadda ake sawa a je gaban manya. Gumi ya jiƙe ta har ta manne masa a baya. Alhaji Muhyiddeen ne. Ta ratsa tsakanin motoci ta isa gabansa, shi kuwa ya fara gaishe ta, ya aiki, ya ɗawainiya. Sai da ya gama ya sassauta murya.

"Malama, yaran nan na mutane, an gama da su?"

"An gama. Biyu sun koma aji. Naka an kore shi."

Ya yi salati a hankali. Hannunsa ya lalubi sandar rumfar, ya sulale ya zauna a kan bencin da mai ya yi wa baƙi ƙirin, da farar rigar tasa.

"Tun yaushe kake nan?" ta tambaye shi.

"Tun kafin a buɗe ƙofa."

"Ga ƙofar can, Alhaji! Titi kawai za ka tsallaka!"

Idonsa na kan mahaɗar titin da motoci ke ɓullowa. Ba a daɗe ba wata woro-woro ta ci burki, wani dogon mutum ya diro da jakar tafiya a kafaɗa, idanunsa jajir don rashin barci. Nan take ta gane shi: mai zuwa karɓar sakamako ne, wanda take miƙa wa takarda ba tare da ta ɗago kai sosai ba. Ashe shi ne Mijinyawa. Ya dubi yayansa a kan benci, ya fahimci komai, ya dafe kai.

Delu ta huce haushinta a kansa. Ta ce wane irin uba ne wannan, da zai zo har bakin ƙofa ya tsaya yana kallo a kori ɗansa? Mijinyawa ya ja ta gefe, nesa da kunnen yayan nasa, ya dube ta da mamaki na gaske.

"Malama, ke ba Bahausa ba ce?"

Tambayar ta soke ta fiye da zagi.

"Ɗan farinsa ne," in ji shi. "Tun yaye yake hannuna, ni na kawo shi garin nan, ni na sa shi makaranta. Tun ranar da kika kira, Yaya bai bar wayata ta huta ba. An riƙe mana mota a boda, shi ya ce in bar kayan ko za su salwanta, in taho. Kayan da ya zuba duk ƙarfinsa a ciki, suna can a hannun direba. Abinci ma an ce bai ci na kirki ba. Kina so ya shiga ya ce me? Ya ce ɗana, ina raye? Ni yake jira a nan, don mu shiga tare, ni a gaba shi a baya."

Abin da ya fi damun Delu shi ne, ko da Mijinyawa ya iso da asuba, ita ce da kanta za ta tare shi a ƙofa ta ce babu tonton. Ta koma ciki da sauri ta tarar da darakta yana shirin fita. Ta yi masa bayani, tana neman kalmomin Faransanci da za su ɗauki alkunya, ba ta samu ba, abin da ya fito bakinta ya yi kama da tatsuniya. Ya ce shi bai san wata al'adar da ke hana uba tsallaka titi ba. An riga an sanar da iyayen yarinyar, an aika wa hukuma, in ya buɗe wannan ƙofar kowa zai zo da tasa al'adar. Ya ƙara da cewa, "Kuma ai ke kika ce ba shi da kowa." Ta yi ta bibiya har aka tafi hutu, ta kira abokan aikinta a wasu makarantu, kowa ya ji kalmar usur sai ya ce ta yi haƙuri. Ihu ne bayan hari.

Ta je Bracodi wurin tsohuwarta, ta same ta tana tsince wake. Ta ce, "Inna, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ana kunyar ɗan fari haka ba?"

Tsohuwar ta yi dariya. "Kakanki ya yi, har ya mutu bai kama sunan babanki ba. Mu kuwa ɗaki ɗaya muka tashi mu da yara, a ina za a yi alkunya? A hankali muka ajiye ta, ba wanda ya lura. Me ya faru?"

Delu ta ce babu komai. Ta zauna ta taya ta tsintar waken, hawaye na ɗiga a cikin tiren.

Da aka koma makaranta a Janairu, ta sa aka sassauta dokar: wanda ke riƙon yaro ya zo tun farkon shekara a san fuskarsa, a karɓe shi. Darakta ya yaba mata. Yabon bai yi mata daɗin komai ba, kullum ta shiga ajin ƙarshe kiran suna sai idonta ya kai layin da Kamilu ke zama. Ta san akwai abin da ya rage mata. Wata Asabar ta sake hayewa Treichville, tun daga gada take shirya yadda za ta gaya wa Alhaji abin da ta faɗa a kansa a gaban malamai, ta nemi gafararsa.

Wannan karon ta yi sallama daga nesa, ta durƙusa ta gaida dattawan benci ɗaya bayan ɗaya, ta roƙi Alhaji ko za su ɗan shiga daga ciki. A can ƙuryar shagon Kamilu ne a kan tsani, da tsohuwar riga duk baƙin mai, yana jera kwalaye. Ya sauko ya gaishe ta da Hausa, ba da Faransanci ba, ya koma kan aikinsa.

Ta gyara murya za ta fara, Alhaji ya riga ta.

"Malama, ni ne da zuwa, nauyi ya hana ni. Yaron wajen Mijinyawa ya ba baffansa labarin yadda aka yi a ciki. Ya ce duk ɗakin ke kaɗai kika buɗe baki a kan gidansu, kika ce ɗan mutunci ne, yana da iyaye tsayayyu a bayansa, tafiya ce kawai ta riƙe su. Ya ce kin yi iya yinki aka fi ƙarfinki." Ya ƙara da cewa, "Wallahi abin da ya fi damuna ke nan, kada a ce a gaban malamai yaro ba shi da kowa. Da na ji haka sai na samu barci. Yadda kika rufa mana asiri, Allah ya rufa miki naki duniya da lahira."

Ta ɗaga ido ta dubi Kamilu. Ya tsaya da kwali a hannu, ya dube ta ta saman kan mahaifinsa, ya girgiza kai kaɗan, sau ɗaya. Babu fushi a fuskarsa, babu kuma yafiya, roƙo ne kawai. Ta haɗiye duk maganar da ta ɗauko tun daga gada.

Alhaji ya ɗaga hannuwa yana ta jero mata addu'a, ita da 'ya'yanta da iyayenta. Daga waje dattawa suka jiyo, suka kama amsawa. Delu ta ɗaga nata hannuwan, ta sunkuyar da kai, ta ce amin.